Wa Ke Biyan Bashin Katin Mamaci? Nazari Kan Dokar Amurka

A shekarar 2023 bashin da Amurkawa ke ɗauke da shi a katunan bashi ya haura dala tiriliyan ɗaya a karon farko, kamar yadda reshen babban bankin ƙasar da ke New York ya bayyana. Cikin masu wannan bashi kullum akwai waɗanda ajali ke riska ba su biya ba, kuma ba a jimawa da zaman makoki wayar iyali ke fara ƙara. Wannan nazari ya duba wanda doka ta ɗora wa biyan, da dalilin da ya sa dangi kan biya abin da ba a bin su.

Asalin hukuncin

Katin bashi yarjejeniya ce tsakanin banki da wanda ya sa hannu, kuma babu jingina a kanta. Idan mai katin ya rasu, bashin kan koma kan dukiyar da ya bari. Wasiyyinsa, ko wanda kotun gado ta naɗa idan bai bar wasiyya ba, shi zai tattara dukiyar, ya biya masu bin bashi bisa jerin da dokar jihar ta tsara. Galibi kuɗin gudanar da gadon da na jana'iza da haraji ne ke gaba, bashin kati yana can baya.

A ɗauka mutum ya bar dala 9,000, kotu da jana'iza da haraji suka cinye 6,000. Banki ɗaya na bin sa 8,000, wani 4,000. Ragowar 3,000 za a kasa musu gwargwadon bashinsu: na farko 2,000, na biyu 1,000. Sauran 9,000 asarar bankuna ce. Magada ba su samu komai ba, amma ba a bin su ko sisi. Bankin ma ya san da wannan kasada tun ranar da ya ba da katin, tana cikin abin da ya sa kuɗin ruwan kati ya fi na rancen gida tsada nesa ba kusa ba. Kuɗin inshorar rai da na asusun ritaya da aka rubuta sunan mai karɓa kuwa, galibi kai tsaye suke zuwa hannunsa ba tare da sun bi ta kan masu bin bashi ba.

Inda bashin ke kama mai rai

Hanyoyin kaɗan ne. Ta farko ita ce sa hannu: wanda ya buɗe asusun tare da mamacin, ko ya tsaya masa, duk bashin na wuyansa. Wannan daban yake da wanda aka ba wa ƙarin kati don ya riƙa sayayya kawai. Shi galibi ba a bin sa, sai dai in ya ci gaba da amfani da katin bayan rasuwar, wanda hakan na iya zama zamba. Ta biyu ita ce aure a jihohi tara, ciki har da Kalifoniya da Texas da Arizona, inda doka ke ɗaukar abin da ma'aurata suka samu a zaman aurensu a matsayin na tarayya, don haka bashin da aka ci a lokacin na iya shafar wanda ya rage. Ta uku sakacin wasiyyi: idan ya raba gado kafin ya sallami masu bin bashi, ana iya tilasta masa ya cike daga aljihunsa.

Su ma masu bin bashin doka ta yanka musu wa'adi. A Kalifoniya, a mafi yawan lokuta, shekara ɗaya daga ranar rasuwa ita ce iyakar shigar da ƙara. Dokar katin bashi ta 2009 kuma ta wajabta wa banki ya faɗa wa wasiyyi adadin bashin cikin kwana 30 da tambayarsa, ya kuma daina ɗora tara.

Me ya sa dangi ke biya?

Tun 1977 dokar tarayya ta hana kamfanonin karɓar bashi yaudara da tsangwama, kuma a 2011 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, wato FTC, ta fitar da matsaya ta musamman kan bashin mamata. Waɗanda aka yarda a tattauna bashin da su su ne mata ko miji, iyayen mamacin in ƙaramin yaro ne, da mai kula da dukiyar. Sauran dangi, iyakarta a tambaye su inda za a samu wasiyyin.

Sai dai mai kira daga kamfanin karɓar bashi ba ya bukatar yin ƙarya. Zai fara da ta'aziyya cikin murya mai taushi, ya ambaci adadin, ya tambayi yadda iyali suke son a rufe asusun. Bai ce wajibi ne ba, amma matar da ke cikin takaba ta ji kamar an ce. Da ta karanto lambar katinta, an wuce wurin, domin abin da aka biya da son rai da wuya ya dawo.

Wannan na iya shafar Hausawa mazauna Amurka, waɗanda suka taso suna jin ana shela a wurin jana'iza cewa duk mai bin mamaci bashi ya fito. Nauyin bashin mamaci a zuciyarsu babba ne. Amma fiƙihun da suka sani bai saɓa wa dokar ba a wannan gaɓa. A mazhabar Malikiyya ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya ga wani abu takamaimai kamar jingina, sai kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya cikin sulusi, sannan gado. Duka daga dukiyar mamaci ne. Magajin da ya biya daga aljihunsa alheri ya yi, ana fatan ya samu lada, amma ba a wajabta masa ba.

Ba ko'ina hukuncin yake haka ba. A Ingila kusan ɗaya ne da Amurka. A Faransa kuwa, inda 'yan Nijar da dama ke zaune, magajin da ya karɓi gado ba tare da sharaɗi ba yana iya ɗaukar bashin da ya zarce dukiyar, sai in ya zaɓi karɓa iyakacin abin da aka bari, ko ya yafe gadon gaba ɗaya.

Kammalawa

Abin da nazarin ya nuna shi ne, a Amurka alhakin bashin kati yana bin dukiyar da aka bari da kuma sa hannun da aka yi. Dangantaka kaɗai ba ta haifar da shi. Iyalin da suka sanar da banki da takardar shaidar rasuwa, suka daina taɓa katin, suka nemi a rubuto musu bayanin bashin, suka miƙa wa wasiyyi, sun sauke abin da doka ta ɗora musu. Wanda ya ga yana da hali kuma yana son sauke wa mahaifinsa nauyi, ya biya bayan ya san cewa zaɓinsa ne, ya kuma tambayi malamai hukuncin kuɗin ruwan da ke ciki.