FAIFAI BIYU DA SUKA GIRGIZA GWAMNATIN BIRTANIYA

Jama'a, tunda ana ta maganar fitar bayanan mutane daga ofisoshi, bari mu ɗan waiwayi tarihi.

Ranar 18 ga Oktoba, 2007, wani ƙaramin ma'aikaci a hukumar haraji ta Birtaniya ya zuba bayanan iyalan da ke karɓar tallafin yara a faifan CD guda biyu, ya aika wa ofishin binciken kuɗi na ƙasa a Landan. Saƙon bai isa ba. A ciki akwai sunaye, adireshi, ranar haihuwa da lambobin asusun banki, bayanan da suka shafi mutum miliyan 25. Ranar 20 ga Nuwamba, ministan kuɗi Alistair Darling ya sanar da majalisa, shugaban hukumar Paul Gray kuma ya ajiye aiki. 'Yan sanda suka yi ta nema har a juji. Shiru kake ji, ba a ga faifan ba.

Me ya sa hankali ya tashi haka? Domin shi faifai ba ya mantuwa. CD-R da zarar an ɗora masa abu ba ya goguwa. Maganaɗisu yana lalata kaset, amma ba ya yi wa faifai komai. Karce ɓangaren da ke ƙyalli ma ba ya wadatarwa, roba kawai ka karce, ana iya goge ta a karanta. A CD, bayanan suna dab da fuskar da ake rubuta suna. A DVD kuwa suna tsakiya, tsakanin roba biyu da aka manna.

Kada ma a raina guntu. A 1979, ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran sun yayyanka takardun sirri da inji, amma ɗaliban da suka mamaye ofishin suka zauna suka harhaɗa su, har aka buga su littattafai. Shi ya sa manyan hukumomi yau niƙe faifai suke yi da inji.

To mu fa? Asibitoci, makarantu da shagunan kwamfuta nawa ne ke jibge da tsofaffin faifai masu hotunan fasfo da sakamakon gwaji? Ƙarshensu bola, ko yara su ɗaura a keke. Alhali tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a.

In za ka yar da CD, kankare fuskar sama har ka ga haske ta ciki. DVD kuma ka raba robar biyu kafin ka kankare. Sannan ka yayyanka ƙanana, ka zubar a wurare daban-daban. Ban da ƙonawa, hayaƙinsa illa ne.

Bayanan mutane amana ce. Allah Ya ba mu ikon riƙewa.