Tausayin da Ya Bar Itace a Gona

Duk wanda ya yi wayo a Tasawa ko Mayahi a 1984 bai manta da El-Buhari ba. Sunan da muka raɗa wa yunwar shekarar ke nan, domin damina ta ƙi, ga kuma iyakar Najeriya a rufe. Ina ɗan lakwal a lokacin, na ga rumbuna sun koma wayam, gonaki kuwa fayau, babu itacen da zai tare iska.

Mishan ɗin Kirista na SIM ba baƙo ba ne a ƙasar Maraɗi. Tun 1956 ya buɗe asibitin kutare a Danja, inda ake wanke gyambon mutanen da danginsu ke ƙyamar haɗa kwano da su. Wannan tausayi ne da kowa ya gane. Na 1984 kuwa ya zo da sharaɗi.

Wani ma'aikacin mishan, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututture ne masu saiwa da rai. Idan aka zaɓi rassa kaɗan aka gyara, aka sare sauran, sai su zama itace. Da yunwa ta zo, mishan ya raba hatsi a ƙauyuka wajen ɗari na jihar Maraɗi, bisa sharaɗin manomi ya bar toho a gonarsa.

Na daɗe ina tambayar kaina: ya dace a gindaya wa mai jin yunwa sharaɗi? Manoma da yawa ma sun sare itatuwan da rabo ya ƙare. Amma waɗanda suka bar nasu sun sami itacen girki, da abincin dabbobi, gero kuma bai ragu ba. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba da hatsin kowa ba. Sassabin zamani ya bazu har gonakinmu, yau ana ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 a Nijar.

Malamai da iyaye, abin da na koya shi ne, hatsin ya ƙare tun tuni, gawo da kalgo suna nan. Idan yaro ya zo muku da yunwa, ku ba shi abinci tukuna. Bayan ya ƙoshi, ku duba abin da ke da rai a cikinsa wanda ake sassabewa kullum, ku koya masa renonsa.