Yaushe Diprotodon Ya Ƙare a Doron Ƙasa?

Masanin tarihi yakan dogara da rubutu ko abin da aka ji daga kaka da kakanni. To, yaya zai yi da abin da ya shuɗe bai bar shaida ba sai ƙashi? A wannan ɗan rubutu za mu dubi wannan matsala ta hanyar wata dabba ta ƙasar Ostareliya mai suna Diprotodon.

Diprotodon yana cikin jinsin dabbobin da ke goyon 'ya'yansu a jakar ciki, kamar kangaru, kuma shi ne mafi girmansu da aka sani, domin nauyinsa ya kai kimanin kilo 2,700. Baturen Ingila Richard Owen ne ya raɗa masa suna a 1838, bayan ya nazarci ƙasusuwan da aka tono a kogunan dutse na Wellington.

Hanyar da aka saba auna shekarun ƙashi ita ce ta sinadarin kabon-14, wanda rabinsa ke zagwanyewa duk shekara 5,730. Sai dai idan ƙashi ya doshi shekara 50,000, abin da ya rage na sinadarin ba ya isa a amince da awon, kuma a daidai wannan iyakar ƙarshen Diprotodon ya faɗo. Saboda haka masana suka koma auna lokacin da rairayin da ya binne ƙashin ya rabu da hasken rana. A 2001 Richard Roberts da abokan aikinsa suka tsayar da kimanin shekara 46,000. Wasu suka ja da hujjar ƙasusuwan Cuddie Springs, waɗanda ake ganin ba su kai shekara 40,000 ba, amma awon haƙoran a 2010 ya nuna sun girmi ƙasar da suke kwance a ciki.

Muhimmancin wannan lissafi shi ne gano mai laifi. Mutane sun isa Ostareliya aƙalla shekara 50,000 da suka wuce. Masu ɗora wa ɗan'adam laifi suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Wasu kuwa suna ganin sauyin yanayi da fari ne sanadi. Kowane ɓangare da shekarun ƙashi yake kafa hujja.

Daga ƙarshe, ya kamata mu lura cewa ƙashi mafi ƙarancin shekaru da aka tono ba lallai ne ya zama na dabbar ƙarshe da ta rayu ba. Abin da awo ke ba mu shi ne lokacin da muka tabbata tana raye, ba ranar da ta ƙare ba.