Tarihin Jitar Abzinawa: Daga Ɗakin Kaset Zuwa Situdiyon Sakkwato

Duk wanda ya daɗe a Hausari ko Gwange, ko yake da rumfa a Kasuwar Monday, ya san Buzaye. Tun bayan farin 1973 da na 1984, da dabbobinsu suka ƙare, suka gangaro Kano da Maiduguri suna gadi a ƙofar shaguna da gidajen masu hali. Mukan gan su da rawani da butar shayi, da 'yar rikoda a gefe tana wani kiɗa mai kama da kuka. Da yawanmu ba mu taɓa tambayar ko kiɗan mene ne ba. To, wannan kiɗa yana da tarihi, kuma ƙasar Hausa tana da hannu a ciki.

Farin da ya koro wasu kudu, shi ya kori samarinsu arewa, zuwa Aljeriya da Libiya. Can aka laƙaba masu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A can suka ɗauki jita, suka ɗora mata salon kiɗan iyayensu. Ƙungiyar Tinariwen ta mutanen Mali ta faro wajen 1979, a ɓangaren Nijar kuwa Abdallah ag Oumbadougou na yankin Agadas shi ne jagora.

Yadda suke ɗaukar kiɗan shi ne abin lura. Babu situdiyo, babu kamfani. Ɗaki ne kawai, da rikoda mai batir a tsakiya. Wani ya riƙe jarka yana bugawa a madadin ganga, wasu na tafi, mai jita ɗaya yana riƙe da amo guda ba ya sauyawa, shi kuma gwanin ya hau bisa yana zuba abin da ya zo masa a lokacin. Ba a rubuta ba, ba a maimaita ba. Shi ya sa waƙa ɗaya sai ka ji ta iri uku a kaset uku. Wanda ya zo da kaset ɗinsa fanko a cika masa, ya tafi ya kwafa wa wani, wani ya kwafa wa wani, har sautin ya dushe kamar ana kiɗan a cikin rijiya, amma ana saurare. Lokacin tawayen 1990 zuwa 1995 hukuma ta hana waɗannan kaset, kama mutum da su babban laifi ne. Sai bayan sulhun Afrilun 1995 aka fara kiɗan a fili.

Mu kuma a nan wata hanya muka bi. A ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi fiyano ƙirar Yamaha, mai kiɗa ya haɗa ganga da sarewa duk a na'ura, mawaƙi ya zo ya ɗora murya. A ganina nan muka yi sakaci, domin hannun da ya iya kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos, ko gurmi, ko garaya, sai ya rasa wurin zama a situdiyon.

Amma ka ji ikon Allah. A 2008 wani saurayi Ba'abzine, Mdou Moctar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Gangar na'ura da gyaran murya irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa aka yi masa, shi kuma ya ɗora jitarsa da harshensu a kai. Ba a kai shi kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo a memori, kamar yadda kaset ya yi a da, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa ya saka a faifan da ya fitar a 2011. Daga nan ƙofar Turai da Amurka ta buɗe masa. Su kuwa Tinariwen suka ci kyautar Grammy a 2012. Abdallah ya rasu a 2020, Allah Ya jiƙan musulmi.

Tsofaffin kaset ɗin nan ba su da uwa a ajiye a wani kamfani, abin da ke hannun mutane shi ke nan. Zafin Borno kuwa da ƙura ba sa barin zaren kaset ya yi tsawon rai.