Shekara 50 da Milwaukee ta yi tana jira

Yau mu leƙa Amurka, fagen ƙwallon kwando na NBA.

A 1971 ƙungiyar Bucks ta Milwaukee, gari ƙarami in an gwada da New York, ta ɗauki kofi albarkacin dogon ɗan wasanta Kareem Abdul-Jabbar. Bayan ƴan shekaru sai ya ce shi fa garin bai dace da rayuwarsa ba, New York ko Los Angeles yake so. Me shugabanni za su yi? In sun riƙe shi dole, kwantiragi na ƙarewa ya tafi, su tashi hannu banza. A 1975 suka miƙa shi ga Lakers, suka amshi ƴan wasa huɗu. Huɗun nan, wallahi, ba su cike gurbinsa ba. Shi kuwa ya ci kofi biyar a can.

Milwaukee ba ta sake ganin kofi ba sai 2021, ta hannun Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka mai iyaye ƴan Najeriya. Shi ma manyan garuruwa sun yi ta zawarcinsa, amma a Disamban 2020 ya sa hannu ya zauna. A wasan ƙarshe da Phoenix, maki 50 ya zuba.