Wuƙar Mai Nutso: Daga Dallol Mawri zuwa Teku

Dallol Mawri, kwarin da ya ratsa Dogon Dutsi da Tibiri ya nufi Gaya, tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamani mai nisa. Abin da ya bar wa Arawa shi ne tafkunan damina da rijiyoyi. Saboda haka mai shiga ruwa a ƙasar Arewa shi ne mai yasar rijiya, wanda ake zurawa da igiya. Gwanayen nutso kuwa suna gabas, a ƙasar Kabi, inda bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci.

Mai yasa da masunci haɗarinsu ɗaya ne, wato sarƙewa. Igiyar guga ko taru in ya naɗe ƙafa, ran mutum ya rataya ga kaifin wuƙarsa. A da, da zaren tsirrai irin su rama da auduga ake saƙa taru. Ido na ganinsa, ruwa na ruɓar da shi, wuƙar maƙeran gari kuma ta wadatar.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 1935 aka ƙirƙiro zaren nailan a Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya mamaye sana'ar su. Siririnsa ba ya ganuwa cikin ruwa, ba ya kuma ruɓewa. A 1943 Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa na'urar shaƙar iska daga tukunyar da ake goyawa, mutum ya samu damar daɗewa a ƙasan teku, inda tsofaffin taruna ke jibge.

Masu nutso na farko sun ɗaura doguwar wuƙa a ƙwauri. Sannu a hankali aka gane cewa zaren nailan ya fi dabbar ruwa haɗari. Yau an fi son gajeriyar wuƙa marar tsini, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, da almakashi, da ƴar ƙugiya mai reza a ciki. Akan ɗauki biyu, a maƙala su inda kowane hannu zai kai, domin ba a san wanda taru zai riƙe ba.

Darasin ya shafi tafkunanmu, tunda tarun nailan ya iso su, yara kuma na wanka a ciki kowace damina.