Tsakanin Tsiwa da Faɗin Gaskiya

Hausa tana da sunaye masu daɗi ga shirun mace: kunya, kawaici, kara, haƙuri. Wadda ta buɗe baki kuwa, sunayen da ke jiran ta su ne tsiwa, fitsara da rashin kunya. Shi ya sa mace Kirista da mijinta ya sayar mata da akuya ba da saninta ba take ce masa "ba komai", alhali zuciyarta na tafasa. Ta ɗauka abin da ake nufi da biyayya ke nan.

Kalmar biyayya ita ce aka fi nanata wa amarya a coci da a taron Zumuntar Mata, ana kafa hujja da Afisawa 5:22. Amma Bulus da Girkanci ya rubuta wannan wasiƙa, kuma kalmar da ya yi amfani da ita ga matan aure daban take da wadda ya yi amfani da ita ga 'ya'ya a sura ta 6. Ta 'ya'ya tana nufin jin umarni a bi. Ta matan aure tana nufin miƙa kai da yardar rai, kuma aya ta 21 ta sura ta 5 ta ɗora ta a kan masu bi duka, kowa ga ɗan'uwansa. A bakinmu duka biyun sun zama biyayya, har aka mai da matar aure kamar ɗiya. Ita dai wannan wasiƙa, a sura ta 4, ta umarci masu bi su bar ƙarya, su faɗi gaskiya cikin ƙauna, ba ta kuma ware mata ba.

Ga misalin matan da suka faɗi gaskiya: a Littafin Ƙidaya sura ta 27, 'ya'yan Zelofehad mata biyar sun tsaya gaban Musa da shugabanni suka nemi gādon mahaifinsu. Allah ya ce suna da gaskiya, aka kafa doka saboda maganarsu.

Mai tsiwa so take ta kunyata mutum a idon jama'a. Mai faɗin gaskiya takan jira yara su kwanta, ta ce, "Maigida, akuyar tawa ce, na kuma ji zafi da ba ka shawarce ni ba." Ladabinta bai ragu ba, gyara take nema. Iyayenmu mata masu yi wa amare faɗa, ku koya musu irin wannan magana, ku kuma kira ta da sunanta na gaskiya, wato riƙon amana.